Kunnenta ne ya tafi, hankalinta na nan ras

Assalamu alaikum Edita. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da ma'aikatanka, dan Allah a taimaka mani da ɗan fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina. Ni tela ne a nan Gusau, kusan shekara ashirin kenan ina kan keke, kuma a waya nake buga wannan da dare bayan na rufe shago, in ya yi tsawo a yi haƙuri.

Abin da ya tunzura ni, satin da ya wuce wata baiwar Allah ta kawo ɗinki da yaronta ɗan shekara huɗu haka, almakashi ya suɓuce ma yarona na shago ya faɗi ƙasa a kan siminti, kowa ya waiwaya banda yaron nan, yana nan yana wasa da ƙyallen shadda. Gabana ya faɗi. Na ce Hajiya yaron nan yana ji kuwa? Ta ce ai tun wani zazzaɓi mai zafi da ya yi bara ya koma haka, an ce masu iska ce ta shafe shi, ranar Asabar ma za su kai shi wani ƙauye a yi mashi turare. Wallahi Edita sai na ga kaina shekara takwas baya, hanyar da na bi na ɓata ma ɗiyata shekara uku ita ce wannan mata ke shirin ɗauka.

Ɗiyata an haife ta da daminar 2014, lafiya lau, mai surutu ce ma, kafin ta cika shekara uku tana kiran sunan kowa a gidan har da akuyarmu. Sai bazarar 2017 ta zo da sankarau. Duk ɗan Zamfara ya san wannan shekara, a jihar nan abin ya fara tun ƙarshen 2016 kafin ya bazu Sokoto da Katsina da Kebbi da Neja, a ƙasa baki ɗaya sama da mutum 14,000 aka yi zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. Mu mun saki jiki don an yi rigakafin sankarau shekarun baya, ashe wancan na nau'in A ne, wanda ya zo mana kuma nau'in C ne. Da dare ta fara zazzaɓi, kafin azahar wuya ya sanƙare tana amai tana rufe ido in ta ga haske. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti ana allura ana ƙarin ruwa, gadon da ke kusa da namu sau biyu ana fitar da gawa. Ranar da aka sallame mu na yi sujada a bakin ƙofa, don ni a wurina an gama, Allah ya maido mani ɗiyata.

Babu wanda ya ce mana a duba kunnenta. Ban ce don mugunta ba ne, na ga yadda ma'aikatan suke kwana tsaye, amma magana ɗaya tal da an faɗa mana ita ranar da labarin ya canza.

Da muka dawo gida tana tafiya tana tangaɗi kamar mai koyon tafiya, muka ce rashin ƙarfi ne. A kira ta ba ta amsawa, muka ce shagwaɓar ciwo ce. Akwai abin da har gobe in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Wata rana da yamma Mamarta na guga, ta aje dutsen guga na gawayi a ƙasa, yarinya ta nufe shi, na daka mata tsawa daga bayanta sau uku ba ta tsaya ba, na zabura na fizgo ta na kai mata mari na ce ke ba ki ji ne? Ta dube ni da wani irin kallo na mamaki, ba ta ma yi kuka nan take ba, kamar tana tambaya me ta yi. A daren Mamarta ta ɗauko faranti na silba ta tsaya bayanta tana cin tuwo, ta buga shi da ludayi da ƙarfi har kajin maƙwabta suka tashi. Ko gezau. Ta ci gaba da cin tuwonta. Mamarta ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Daga nan muka shiga yawon neman magani. Rubutu, turare, man zaitun a kunne, man shanu, wani ya ce a nemo kitsen kaza, wani ya ce sammu ne daga dangi har zumunci ya kusa lalacewa tsakanin Mamarta da matar yayana. Na sayar da kekena ɗaya mai saƙa da ɗan filin da na mallaka. Ni musulmi ne, na yarda da addu'a kuma har yanzu ina yi mata, amma wanda zai karɓi kuɗinka ya ce in sha Allahu kwana bakwai za ta ji, in kwana bakwai ya cika ya ce aljanin ya yi taurin kai a ƙaro rago, wannan cin amana ne, kuma Allah zai tambaye shi. Ana cikin wannan yawon maganganun da take yi suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, don yaro in ba ya jin muryarshi magana guduwa take yi. "Baba" ce ta ƙarshe, ita ma ta koma "aba", daga baya shiru.

Sai wajen shekara biyu sannan wani kwastomana ma'aikacin lafiya ya matsa mani na kai ta Kaduna inda cibiyar kula da kunne ta ƙasa take, aka yi mata gwajin ji. Likitan Allah ya saka mashi da alheri ya zana mani a takarda. Ya ce can cikin kunne akwai wani abu mai siffar katantanwa, a cikinshi akwai wasu 'yan gasu ƙanana su ke mayar da ƙara saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, to ƙwayar sankarau tana bi ta shiga can ta kashe su, kuma in sun mutu ba su sake tsirowa. Ya ce abin da ya fi muni bayan sankarau wurin yakan fara cikewa da ƙashi cikin makonni ko watanni, shi ya sa ake son a gwada jin yaro da wuri bayan sallama, don in za a yi aikin dasa na'ura a cikin kunne a yi kafin ƙashi ya toshe. Wannan aikin miliyoyi ne, ko a mafarki ba ni da su, amma ko ba komai da na san gaskiya da wuri. Na sayi na'urar saƙalawa a kunne duk da ya ce da wuya ta yi mata amfani, don ita ƙara sauti kawai take yi ga mai sauran ji. Batir ya yi ta cin kuɗi, yarinya na cirewa tana jefarwa, a ƙarshe na haƙura.

Daga baya na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga irin wannan sankarau ɗaya yakan fita da lalura mai ɗorewa, kuma rashin ji na kan gaba. To Edita a lissafa yaran Zamfara da suka tashi a 2017 kawai. Ina suke yanzu? A ɗaka suke ko a tasha da kwano. Kuma ba sankarau kaɗai ke kurmantar da yara ba, akwai ƙyanda, akwai hangum, akwai shawarar da jariri ke yi a satin haihuwa mu ce ai za ta wuce, akwai kunne mai zubar da ruwa da ake bari shekara da shekaru ana cusa auduga, akwai allurai irin su jentamaisin da ake dirka ma yara a kemis ba lissafi. Hukumar ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara abu ne da za a iya kaucewa. Ko a 2025 sankarau ya sake ɓulla a Gwandu da Aliero da Jega a Kebbi. Yanzu akwai sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A da C da W da X da Y, Nijeriya ce ma ta fara amfani da ita a duniya a 2024, dan girman Allah in masu rigakafi sun zo a fito da yara.

Amma ainihin abin da ya sa na ɗauki waya shi ne abin da ya biyo baya. Yaro marar yare Edita ba ka san azabar da yake ciki ba sai ka zauna da shi. Tana son abu ba ta da hanyar faɗa, sai ta yi ta ihu tana birgima tana cizon 'yan uwanta, unguwa aka fara cewa ta taɓu. Ta ga muna dariya a tsakar gida ba ta san dalili ba, ta ga ana kuka ranar da kakarta ta wajen uba ta rasu ba ta san dalili ba, wata biyu tana zuwa ɗakin tsohuwar tana ɗaga labule tana dubawa, ni ubanta ba ni da yadda zan ce mata Inna ta rasu. In an yi baƙi Mamarta ta tura ta ɗaki, ba don ƙi ba, don gudun tambaya da "Allah sarki" ɗin mutane. Sunanta ma ya ɓace, kowa Bebiya, har ni na tsinci kaina ina kiranta haka.

Wanda Allah ya yi sanadin fitarmu a hannunshi yana nan layinmu shekara da shekaru ban taɓa ɗaukarshi a bakin komai ba. Wani kurma ne dattijo mai aikin wuyan riga, hannunshi na da kyau ƙwarai, mu dai mu nuna mashi aiki da yatsa mu biya shi mu ce Bebe ya gama. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu na riƙa zuwa da ita shago don ta rage ma Mamarta fitina. Ya gan ta, ya lura da yadda nake jan hannunta, sai ya tsuguna daidai tsawonta ya taɓa kunnenshi ya nuna kanshi ya nuna ta. Ya ɗaga zare ja ya yi alama, ya ɗaga baƙi ya yi wata alama, ya jira. Ta kwaikwaya. Ya ɗaga mata babban yatsa. Edita yarinyar nan ta ƙyalƙyale da wata dariya da rabon da in ji irinta tun kafin ciwo. Kafin la'asar ta san alamar abu kusan ashirin, tana jan rigarshi tana nuna komai a shagon tana neman sunanshi, almakashi, maɓalli, keke, mage. Yunwar magana ce ke damunta duk shekarun nan mu muna neman aljani.

Ranar na ji kunyar dattijon nan. Na je na same shi na roƙe shi ya koya mani, kullum bayan la'asar rabin awa, ni da nake ba shi aiki na koma ɗalibinshi, in na koma gida in koya ma Mamarta da yayyenta. A nan na gane maganar hannu yare ce cikakkiya mai ƙa'idarta, ana ba da labari da ita, ana gardamar ƙwallo, ana tsegumi, ana wa'azi, kuma fuska da gira ma suna cikin maganar. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kaka da kakanni, har wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta yi bincike a kanta. Wadda ake koyarwa a makaranta kuma daban ce, asalinta daga Amurka take, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka Andrew Foster shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960 daga nan ta bazu. Wannan ma wata matsala ce da ba a magana a kanta, yaro ya je makaranta ya koyo alamun boko da rubutun Turanci, ya dawo gida uwarshi ba ta jin Turanci ba ta san alamun ba, sai ɗa da uwa su zama baƙin juna a ɗaki ɗaya. Na ga haka a gidaje da yawa. Kuma fa a sani, sama da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, wato kusan kowa daga sifiri yake farawa kamar yadda muka fara.

Mun sa ta makarantar masu buƙata ta musamman tana shekara bakwai, a makare. An ba ni shawara in kai ta ta kwana a Kano, Tudun Maliki, amma shekarar ce aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, Mamarta ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ɗiyarta ba za ta kwana a makaranta ba, ni ma ban musa ba. Mutane ba su tunanin me rashin tsaro ke nufi ga kurma. A shekarar mun je ƙauyen su Mamarta gaisuwa, cikin dare aka fara harbi daga nesa, gari ya ruɗe kowa ya yi daji, mun kai bakin gona na ƙirga yara na ga babu ita. Na koma da gudu na same ta tana barcinta a kan tabarma ita kaɗai a gidan. Allah ya tsare ba su shigo ba. Tun daga ranar in za a kwanta yayarta ke ɗaura gefen zanenta da nata. Ƙarar babur, sanarwar masallaci, jawabin gwamnati a rediyo, duk babu wanda ke isa gare su.

Yanzu shekararta goma sha ɗaya. Tana karatu tana rubutu, lissafi ta fi yayanta namiji, ta iya yanka rigar yara da kanta. Ta raɗa ma kowa suna da hannu, ni sunana shi ne ta ja yatsu biyu daga wuya zuwa ƙirji, tef ɗin awo da ke rataye a wuyana kenan. Kuma don ta samu yare ne Mamarta ta iya zaunar da ita ta yi mata bayanin girma da al'ada, da inda ba a yarda kowa ya taɓa ta ba, da cewa in wani ya yi ta zo ta faɗa. Iyaye ku ji tsoron Allah a wannan wurin, mugaye suna zaɓen yarinya kurma ne don sun san ba ta da bakin kai ƙara, in ma ta je gaban hukuma babu mai fassara.

Sai maganar addini, wadda ita ta fi tsaya mani a rai. Alwala da salla ta koya da ido, amma wa take bautawa, me ya sa, wannan sai da dattijon nan ya taimaka. Na kai ta Islamiyya aka ce ba su san yadda za su yi da ita ba, kuma gaskiyarsu ce ba a koya masu ba. Malamanmu na Zamfara, ku ne kuke karanta mana Suratu Abasa, yadda Allah ya yi magana saboda Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho da ya zo neman ilimi. Ku ne kuke ba mu labarin Ƙaluna, abokin karatun Warshu a wurin Imamu Nafi'u, cewa ba ya ji amma yana duban leɓen mai karatu ya gyara mashi. A fiƙihu ishara ta wanda ba ya magana tana tsayawa a matsayin magana har a ciniki da aure. To me zai hana manyan masallatan Juma'a na Gusau da Ƙaura da Talata Mafara su aje mai fassara da hannu a gefe guda lokacin huɗuba da tafsirin azumi? Dattijon nan sama da shekara arba'in yana zuwa Juma'a a sahun gaba, ya ce mani bai taɓa sanin abin da liman ya faɗa ba ko sau ɗaya.

Hukuma kuma, doka fa tana nan. A watan Janairun 2019 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana da wanda ba ya iya magana, ta ware masu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati, wanda ya nuna wariya tarar naira 100,000 ko wata shida a gidan yari, kamfani miliyan ɗaya, a 2020 aka kafa hukumarsu ta ƙasa. Amma ni in ɗiyata ba ta da lafiya sai na rufe shago na bi ta don in zama bakinta, to in ta girma ta yi aure ta je awo fa, ni zan shiga? Abin da nake roƙo bai kai kuɗin gyaran titi ɗaya ba. Duk yaron da aka kwantar don sankarau kar a sallame shi sai an rubuta ma iyayen ranar gwajin ji an gaya masu dalili da Hausa. A ɗauki ɗalibanmu a tura su kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo ko sashen ilimi na musamman a BUK da Jos su dawo su koyar. Sannan wanda ya fi komai sauƙi, a buɗe ajin yamma na iyaye, a ɗauki kuramen da ke gari a biya su su koyar da mu, su ne masu yaren kuma da yawansu ba su da aikin yi.

Mu dai ba mu jira ba. Duk ranar Alhamis bayan la'asar muna shimfiɗa tabarma a bayan shagona, yanzu gida bakwai muke, dattijon nan ke koyar da maza, matarshi ita ma kurma tana zuwa gidana ta koyar da mata, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a haɗa masu. Hajiyar da na faɗa a farko na roƙe ta ta fara kai yaron asibiti a duba kunnen kafin komai, na kuma ce ta zo gida ranar Alhamis. Ta zo. Ɗiyata ce ta kama hannun yaron ta zaunar da shi ta ɗauko kofi da cokali da takalmi ta jera a gabanshi ta fara nuna mashi ɗaya bayan ɗaya, uwar na gefe tana share hawaye da bakin hijabi tana gwada alamar da nata hannun.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka, ya ba mu zaman lafiya a Zamfara.

Naku,
wani uba, tela daga Gusau, jihar Zamfara.